Mai Gadin Takalma

Faɗanmu na farko da mai gadin da ake kira Cire-Takalmi a ƙofar ɗakin jarirai na asibiti aka yi shi, ranar da aka sa jikata a kwalba. Bakwaini ce, duk jikinta bai kai damtsena ba. Na zo shiga, ya tare ni da sanda.

"Iya, takalmi."

Na cire. Na ce, "To ina zan wanke hannu?"

Ya nuna mini famfo da baki. Famfon ya bushe tun ba yau ba, a cikin kwaminsa ma yake ajiye rediyonsa da kwanon abinci. Na ce, "Ɗan nan, da ƙafa ake ɗaukar jariri a gidanku?" Ya ce in ba zan shiga ba in ba mutane hanya.

Soja ya so zama, aka auna tsayinsa aka sallame shi. Shi ne ya zo ya kafa barikinsa a wannan ƙofa. Takalma a jere kamar masu fareti, manya dama, ƙanana hagu. Wanda ya shigo da babbar riga kuwa, sai ya ba shi hannu biyu, su gaisa, ya buɗe masa ƙofa, mutum ya wuce kai tsaye ya shafa kan jariri da gumin titi.

Duk jaririn da aka fito da shi a naɗe, Cire-Takalmi na da bayani. Wannan kwana ne ya ƙare. Wancan uwar ce ba ta da haƙuri. Wata nas ce, da na tsare ta a baranda, ta gaya mini gaskiya a gajiye: wasu numfashi, wasu sanyi, amma da yawa cuta ce da hannu ke kai musu.

Da aka fitar da yaron da ke kwalbar kusa da tamu a naɗe, washegari na zo da bokiti da sabulu, na zauna gefen Cire-Takalmi. Ya cire wa mutum takalmi, ni in kama hannu. Har wani likita na tare, ya harare ni, ya wanke. Cire-Takalmi ya kai ƙarata wai na raba masa aiki. Aka ce a bar tsohuwa, ba ta cin albashi.

Jikata ta yi zazzaɓi sau ɗaya, amma ta tashi. Ranar sallama na bar masa bokitin da sabulu sabo.

Da muka dawo awo, na tarar ya kife bokitin ya zauna a kai, wai kujerarsa ta karye. Wata uwa na fitowa daga ɗakin, zanin goyo a hannu, babu jariri a cikinsa. Ya miƙa mata takalmanta, har da kaɗe musu ƙura.

Na ce, "Sannu da aiki, ɗan nan. Tun da ka kama ƙofar nan, ko takalmi ɗaya bai mutu ba."