Kansilan Rognvær na Ƙarshe

A tsibirin Rognvær an yi wani masunci mai suna Ingvald Nesset, wanda ya shekara ashirin da biyu a majalisar ƙaramar hukuma. Duk tsawon shekarun nan magana ɗaya ce a bakinsa: a gina ganuwar dutse a bakin tashar jiragen ruwa, ta riƙa tare igiyar teku.

Abin yana da tushe. Yana ɗan shekara talatin aka yi wata guguwa da rana tsaka, jiragen kamun kifi na dawowa. Jirgin wansa Sverre ya zo har bakin tasha, jama'a na tsaye suna kallo, igiyar ruwa ta ɗaga shi ta maka da dutse. Sai bayan kwana tara teku ta kawo gawar. Zaɓe na zagayowa Ingvald ya tsaya takara, kuma ya ci.

Majalisar ta mutum goma sha biyu ce, ba ta da zaure nata na kanta. A ajin makaranta suke zama ranar Asabar, ƙarti sun cusa gwiwoyi ƙarƙashin teburan yara, tufafinsu na ƙarnin kifi. Peder Ulvik mai kanti shi ne shugaba. A yi maganar ɗaukar ungozoma, da rufin coci mai yoyo, da wanda tumakinsa suka shiga maƙabarta. In an gama, Ingvald ya ɗaga hannu.

"To, ganuwa ta taso," in ji Aslak, maƙwabcinsa kuma abokin zamansa a majalisa. "Wanda ya bar tukunya a wuta ya je ya sauke."

"Ranar da jirginka ya dare gida biyu, Aslak, ni zan tsamo ka, kuma ba zan ce maka komai ba."

"Kai? Ka yi shiru? Ai gara in nutse."

A yi dariya, sakatare ya rubuta takarda zuwa birni, birni ya yi shiru. Haka aka yi ta yi. Matarsa Gunvor ce ke gyara masa rubutun, domin shi hannunsa ya fi sabawa da komar kamun kifi.

A bazarar 1962 amsa ta zo. Wasu injiniyoyi biyu suka sauka, suka auna zurfin ruwa, suka kafa turaku masu jan fenti. Har an zuba duwatsu jirgi uku. Ranar Ingvald ya sa rigar zuwa coci ba Lahadi ba, Gunvor ta dafa gahawa ta toya fanke, gida ya cika.

Ba a yi wata huɗu ba wata takardar ta zo. Gwamnati ta ga ƙananan hukumomi sun yi yawa, za a haɗe Rognvær da Lyngstrand, babban garin da ke tsallaken teku, daga farkon shekarar 1964. Mutanen tsibiri suka kaɗa ƙuri'a, tara cikin goma suka ce ba su yarda ba. Aka aika da sakamakon, bai canza komai ba. Aikin ganuwa ya tsaya, wai sai sabuwar majalisa ta duba.

A zaman ƙarshe ba wanda ya yi wasa. Peder ya karanta sunayen shugabannin da aka yi tun daga na farko, na bakwai a cikinsu kakansa ne. Sannan aka zuba littattafan majalisa a akwatin kifi aka ɗora a jirgin wasiƙu.

Sabuwar majalisa kujera talatin da bakwai gare ta, biyu na Rognvær. Aka zaɓi Ingvald da Aslak. Tafiyar awa huɗu ce a jirgi, in teku ta yarda. Sai a zama na biyar aka sa ganuwa a jerin abin tattaunawa. Ingvald ya miƙe ya yi bayani, ya faɗi yadda Sverre ya mutu. Suka saurara da ladabi.

"Kansila Nesset," in ji sabon shugaban, wani lauya mai taushin murya, "mutum nawa ne a tsibirin yanzu?"

"Ɗari shida da arba'in."

"Shekara goma da suka wuce fa?"

"Ɗari tara. Saboda ba tasha mai kyau suke tashi."

"Na fahimta. Amma ka ga muna da makarantar da za mu gina a nan, yara dubu ke jira."

Da aka zo ɗaga hannu, nasa ne kaɗai a sama. Ya juya ya dubi Aslak, Aslak na kallon tebur. A jirgi, kan hanyar komawa, Aslak ya zo ya tsaya kusa da shi.

"Na sami aiki a masana'antar kifi ta Lyngstrand," ya ce. "Ƙarshen wata za mu tashi. Da wane ido zan ɗaga hannu?"

Ƙarshen wata kuwa Ingvald ya je ya taya shi kwance katakan gidansa, suka loda a jirgi.

Daga nan abin ya yi sauri. Aka rufe makaranta, masu yara suka bi yaransu. Ungozoma ta tafi, Peder ya rufe kanti. 'Yarsu Borghild, wadda ke aure a Lyngstrand, ta yi ta rubuto wasiƙa: "Baba, ku taho. Ɗaki na nan." Ingvald ya ce ba inda za shi.

A sanyin shekarar 1968 ciwon haƙarƙari ya kama Gunvor. Aka buga wa likita waya, ya taso. Jirginsa ya zo har bakin tasha, igiyar ruwa ta hana shi shiga, ya juya. Sai a rana ta uku aka samu aka ɗauke ta. A jirgi ta kama hannun mijinta.

"Ka rufe tagar ɗakin sama?"

"Na rufe."

"Ƙarya kake, ba ka taɓa tunawa."

Kwana shida ta yi a asibiti. A Lyngstrand aka binne ta, don fasto ya daina zuwa tsibirin.

Ingvald bai koma ya zauna ba. Ya ajiye kujerar majalisa, ya tare a gidan Borghild, hawa na uku, taga na kallon masana'anta. Da ya je neman takardar fansho, ma'aikaciya ta tambaye shi ƙaramar hukumar da aka haife shi. Ya ce Rognvær. Ta duba jerinta har sau biyu.

"Babu ita a nan, Baba. In sa Lyngstrand?"

"Sa," ya ce.

Ya ƙara shekara bakwai a duniya. Da rana yakan gangara bakin ruwa, su zauna da Aslak a benci ɗaya, ba su cika magana ba. Iyali na ƙarshe ya bar tsibirin shekara biyu kafin rasuwarsa. Borghild ta rasa yadda za ta gaya masa, ashe ya riga ya ji a bakin mai jirgin wasiƙu.