Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi a Magama

A bakin iyakar Magama, inda manyan motoci ke jiran tsallakawa Maraɗi, akwai wani shagon kwano da ake kira shagon Injiniya. Mai shi Badaruddeen ne, ɗan Farfaru. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma waya, daga baya ya koya wa kansa kwamfuta da karance-karance a intanet. Hannunsa na da kyau, sai dai bai iya cewa "ban sani ba."

Direbobin tashar sun gaji da rigimar wa ya riga wa zuwa, suka nemi ya yi musu allon da zai riƙa nuna layin motoci. Ya ce abu mai sauƙi. Akwai wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, ita za a maƙala bayan talabijin. Isah, abokinsa tun ƙuruciya mai fataucin kayan lantarki, ya kawo masa biyu daga Maraɗi. Akwai babbar manhajar da ke tuƙa na'urar a shirye, saukewa kawai za a yi, amma Badaruddeen ya ce shi tasa zai haɗa daga tushe. Yini guda laftof ɗinsa na wannan aiki. Da ya ƙare ya zuba a katin memori, bai ko gwada ba.

Ranar nunawa rumfar direbobi ta cika, Nagoggo shugaban direbobi na gaba. Badaruddeen ya jona wuta. Jar fitila ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Ya sake caja, ya sake kati, ya ɗauko ta biyun. Shiru. Wani daga baya ya tuntsire da dariya.

Badaruddeen ya juya ya dubi Isah. "Jabu ka kawo mani."

"Ni, Badaru?"

"Kai fa. Kayanka duk hakan nan suke."

Isah ya sa takalmi ya fita. Kafin la'asar magana ta zaga tasha.

Bayan kwana uku Badaruddeen ya yi abin da ya kamata tun farko. Ya haɗa 'yar kwamfutar da laftof ta wata siririyar waya, don ya karanta abin da take rubutawa yayin tashi. Rubutu ya zubo, ya tsaya a layi ɗaya: manhajar ba ta gane na'urar ba. Ya buɗe fayil ɗin tsari. Lambar tsohon samfuri ce a ciki, shi ya rubuta ta da hannunsa. Ya gyara, ya sake haɗawa, allo ya kawo tas.

Ya cire wuta ya tura na'urar cikin durowa. Kwana biyu yana zagaye ta bayan masallaci don kada ya bi ta gaban shagon Isah. Matarsa Salmatu ta gaji da ganin tuwo na komawa yadda ta kawo shi, ta tsare shi da tambaya, ya faɗa mata.

"To, mi kake jira?" ta ce.

Ya tarar da Isah yana jera batura. Ya yi bayani yana duban ƙasa.

"Ka san na koma Maraɗi?" Isah ya ce. "Mutumin da nake sari gunshi shekara goma, na ci mutuncinshi gaban mutane, kan maganarka. A rumfa ka faɗa, Badaru. Can za ka gyara."

Bayan sallar Juma'a ya tsaya gaban direbobi, ya ce kayan Isah lafiyarsu ƙalau, kuskuren nasa ne. Ƙasa-ƙasa ya faɗa, har Nagoggo ya ce ya maimaita, na baya ba su ji ba. Ya maimaita.

Allon na nan a rumfa yana aiki. Washegarin Juma'ar nan Badaruddeen ya bi Isah Maraɗi don ba mutumin da Isah ke sari gunsa haƙuri. A mota ɗaya suka tafi, Isah na gaba, shi yana baya.