Ƙwanƙwasar Motar Baba

Ko zan manta komai a duniya, ban da safiyar da motar Baba ta daina ƙwanƙwasa. An daɗe da yin abin, furfura ma ta fara leƙo mini, amma duk sa'ad da sanyi ya shigo sai ya dawo mini sabo fil.

A-kori-kura ce, tsohuwa tukuf. Da ita Baba ya ciyar da mu, yana kwasar gero da awaki daga ƙauyukan Daura zuwa kasuwar Mai'aduwa, wani lokacin har Kongolam. Tana da wata ɗabi'a: in aka tashe ta da sassafe cikin sanyi, sai ka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga inji, kamar ana faskare a nesa. Da ta ɗumama sai ta yi tsit. Yau ta yi, gobe ta ƙi. A cikin gida Baba yake kwantar da ita, gefen rumbu, kuma ba ya jan ta sai ƙarar ta ɗauke. Zai zauna a ciki, ƙofa a buɗe, Inna ta kawo masa kunu ta tsaya a gefe har ya shanye. Haka muka taso muka gani, ba mu taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, Inna ta fita takaba, sai maganar gado ta taso. Yayanmu babba ya ce, "Injin nan ya kusa bugawa. A sayar wa 'yan gwangwan tun tana motsi, kowa ya huta." Washegari na ga Inna tana goge gilashin motar da gefen mayafinta. Ni kuwa, da ma an san ni da saurin hawa, na ce wallahi sai dai a haɗa da ni a sayar. Bayan cacar baki Yaya ya yanke: in bakanike ya tabbatar injin lafiya yake, motar ta faɗo cikin rabona, tunda ni ne direba. In ba haka ba, ta tafi.

To fa! Nan na san na ɗebo ruwan dafa kaina. Na tashe ta tana ƙara, na kama hanyar gareji, kafin in shiga cikin garin Daura ta ɗumama ta yi lakwas, sai ka ce yaron da ya hango allura. Makanikai suka kasa kunne, shiru. Wannan ya ce in canja baƙin mai, na canja. Wancan ya ce fetur ɗin 'yan bumburutu ne, na juye tanki kaf. Wani ma ya ce sai an farke injin gaba ɗaya. Na bar ta ta kwana a garejin, sai gari ya kwana da ɗumi, da safe ko tari ba ta yi ba. Na dawo da ita gida, kashegari ƙwas-ƙwas-ƙwas. Na daki bonet na ce, "Munafuka! A gaban mutane ke saliha ce, ko?"

Sai na tuna da wani tsohon bakanike, aminin Baba, wanda ya ajiye sifana saboda ciwon baya. Da na kwashe labari na gaya masa, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mai ciwon asuba ba a kai shi wurin likita da hantsi. Kar ka taɓa ta. Ina nan tafe gobe bayan sallar asuba."

Ya kuwa zo, cikin sanyin da ke sa haƙora kaɗawa, Yaya na tsaye ya harɗe hannu. Na murza makulli, ƙarar ta tashi. Tsohon ya ɗora bakin dogon sukudireba a kan injin, ya manna kunne a ƙotar, ya matsa nan, ya matsa can. Sannan ya ce, "Miƙo hannunka." Ya kai tafina daidai inda bututun salansa ya haɗu da inji, sai na ji iska mai ɗumi tana bugun fatata, daidai da kowane ƙwas. Ya nuna mana baƙin hayaƙin da ya shafe wurin.

"Noti ɗaya ne ya karye," in ji shi. "In ƙarfe ya yi sanyi sai ya tsuke, 'yar kafa ta buɗe, hayaƙi ya riƙa tsartowa. In ya yi zafi ya kumbura ya toshe ta. Injin kam, ya fi ku lafiya."

Yaya ya ce to, magana ta ƙare. Don murna na ce a gyara yau-yau. Tsohon ya dube ni, ya ce, "Tun tuni na gaya wa mahaifinku. Cewa ya yi in bar masa kayarsa." Na ɗauka tsumulmular tsofaffi ce kawai. Kafin azahar an ɗaure noti.

Washegari na tashe ta, sumul, ko ƙis babu. Ina ta washe baki na sa giya, sai ga Inna ta fito da kofin kunu. Ta tsaya cak.

"Au, har ta gama?"

"An gyara ai, Inna. Yanzu ba sai an jira ta ba."

Ta dubi kofin. Can ta ce, "Gida cike da ku, ga baƙi, ga surukai. Ina zan tsaya in yi hira da babanku ban ji kunya ba? In tana ƙarar nan babu mai jin abin da muke cewa. Ranar da ba ta yi ba, yini nake kamar ban karya ba."

Wayyo! Na cire giya, na buɗe ƙofa, na karɓi kunun da hannu biyu. Tun daga ranar ban ƙara fita ba sai na zauna na shanye, tana tsaye tana ba ni labarin Baba, har ita ma ta bi shi. Allah ya jiƙansu.

Motar tana nan, tana tashi shiru abinta, ni kuwa kewar ƙwas-ƙwas ɗin nan ke damuna. Na koyi cewa kafin ka kashe wata ƙara a gida, ka fara tambaya ko akwai wanda take yi wa amfani. Har gobe, in sanyi ya shigo, nakan tashe ta in bar ƙofa a buɗe, ko da yake babu mai fitowa da kofi.