Mai Warware Sunaye

Na zo ofishin ƙungiyarmu ta ƙwallon Amirka in sabunta tikitina na kallon wasannin shekara, kamar yadda nake yi duk watan Maris, shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ta wata ƙofa ina hango wata tsohuwa tela, zaune ƙyam kamar sistocin da suka koya mana rubutu a makarantar mishan. Rigar wasa ce a cinyarta, tana warware sunan da ke bayanta, harafi bayan harafi: BRISBON.

Jiya aka tsawaita kwantiragin babban ɗan wasanmu mai jefa ƙwallo da kuɗi mai tsoka, albashin ƙungiya kuwa yana da iyakar da ba a ƙetarewa. Dole wani ya tafi. Ina jin telar nan ake fara sanar wa wanda za a sallama.

Sai ga Brisbon da kansa, ƙato, yana ɗingishi, ya leƙo.

"Mama, ba gaisuwa? Jibi zan sa hannu a sabon kwantiragi, shekara uku! Ki buɗa mini riga, na yi tumbi."

Ta kife rigar. "Rage cin kaza dai, ɗana."

Ya wuce yana dariya. Ta juyo rigar a natse, ta kama harafi na huɗu, tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, wadda muke yi a bakin kabari.