Furar Turmi Ɗaya

Ina budurwa, a ƙauyenmu kusa da Gangara, a kasuwa ake gane wa ke son wa. Zamanin nan Faransawa ba su daɗe da zama a Damargu ba, ayarin raƙuma ne ke kawo mana gishiri da dabino su tafi da gero. Ranar kasuwa mu 'yan mata mukan jera ƙoren furarmu a inuwar wata aduwa. Saurayin da ke son yarinya sai ya zo da abokansa su tsuguna gabanta, ya ce a dama musu ƙwaryar duka. Ba sai ya ce komai ba, gari ya riga ya ji.

Nawa saurayin ɗan wani baduku ne, dogo, hannuwansa kullum ja da rinin fata. Tun farkon damina yake saye furata. Ni kuwa kaina ya kumbura, har citta nake ƙarawa don ya taɓa cewa yana so.

Wata kasuwa bayan kaka na hango shi tafe, na ɗaga faifai, na ɗauki ludayi. Sai ya wuce ni, wallahi ko kallo babu. Ya je ya tsuguna gaban wata 'yar Ollelewa da ta zo zama gidan kawunta. Ga ni da ludayi a hannu, 'yan uwana 'yan mata duk sun sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido. Haka na ɗauko furar na kai gida na juye wa awaki.

Na rantse ba ni ba kasuwa har abada. Ina son sa, ba zan ɓoye ba, amma kunyar ta fi son ciwo. Ta yaya zan koma inuwar nan, kowa na leƙen ƙwaryata ya ga ko an saya? Bayan rumbu nake ɓuya in yi kukana. Inna ta sani sarai, amma iyakarta ta ce in zo in ci tuwo.

Ina da ƙawa, irin ƙawancen da, wanda ake ƙullawa da goro da musayar ɗankwali. Gajera ce, bakinta ba ya hutawa. Ta same ni bayan rumbu, kaina duk ya cukurkuɗe, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta hau tsifa.

“Haba ƙawa, a kan wannan mai warin jima? Ko ƙudaje ba sa rabuwa da shi.”

Na ce, “Kar ki zage shi.”

Ta ci gaba da tsifa. Can ta ce, “To, na bari.” Ta gama kitson ba ta ƙara ambatonsa ba, hawayena na zuba a gwiwarta, ba ta ko goge ba. Kullum sai ta zo, wata rana da magarya a ƙullin zani, wata rana da tsegumin rijiya.

Wani jajibirin kasuwa ta shigo da geronta, ba sallama ba komai, ta juye shi cikin turmina a kan nawa.

Na ce, “Ke, lafiyarki ƙalau?”

Ta ce, “To tsince naki in kin iya. Gobe ƙwarya ɗaya za mu kai. In an saya tamu ce, in ba a saya ba tamu ce. Ɗauki taɓarya, hannuna ya gaji da jira.”

Muka yi lugude, tana jefa taɓarya sama tana tafi, har ta kusa fasa wa kazar Inna kai. Ranar na yi dariya ban shirya ba. Da aka zo kirɓi ta hana a sa citta, ta ce kanumfari take so, ni ma sai na tuna da can shi na fi so.

Da safe muka nufi kasuwa. Ita ta ɗauki ƙwaryar, ni na bi ta da nono. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa. Da farko idona na kan hanyar rumfar dukawa. Sai ga wasu Buzaye sun sauka da ƙishirwa, ga wata tsohuwar Bafillatana da ta kafe sai ta ɗanɗana kafin ta saya. Ta ɗanɗana, ta sake, ta kuma sake, tana cewa har yanzu ba ta ji ba. Ƙawata ta ce, “Iya, in kin ƙoshi ki faɗa mana mu daina jira.” Tsohuwa ta dungure mata kai, na yi dariya har nono ya fantsamar mini a zani.

Sai da muna kankare gindin ƙwarya ƙawata ta zungure ni, ta ce a hankali, “Kin gan shi kuwa?”

“Wa?”

Ta tsaya tana dubana, idonta ya ciko da ƙwalla, tana murmushi.

“Ɗan baduku mana. Tun ɗazu ya wuce ta gabanki, har ya waiwayo.”

Na duba hanya, na duba ludayin da ke hannuna. Wallahi ban gan shi ba.