Barandar da Mma Fuseina Ke Shafa wa Mai

Mma Fuseina ta tsufa tana sayar da man kaɗanya a zangon Kumasi, kuma a wurinta babu cutar da mai ba ya warkarwa. Ɗanta Saaka, kafintan da ke yi wa attajiran unguwar Irving Park barandar katako can ƙasar Turawa, ya kawo ta gidansa a garin McLeansville. Ko wata biyu ba ta yi ba ta ɗaure jakarta. Gida ba tsakar gida? Ai wannan kurkuku ne mai kafet! Tsohuwar barandar baya kuwa, ruwan alwalarta ya ƙarasa ruɓar da ita har ƙafarta ta burma.

"Saaka, mai da ni gida."

Hankalinsa ya tashi, don ba ya son ya sake rabuwa da uwarsa. Ya je ya lodo katakon wani ice da ake kira bich don yi mata sabuwar baranda, irin wanda ake gasawa a tanda har ya yi duhu. Gasasshe ba ya shan ruwa sosai, ba ya kumbura, ba ya saurin ruɓa. Sai dai akwai shi da tsagewa, dole a huda shi kafin a ɗaura sukuru.

Mma ta shinshina. "La'ilaha! Ƙonanne suka sayar maka, kai da idonka biyu?"

"Gasasshe ne, Mma."

"To kawo yaji mu ci."

Da ya gama ginin ta juye wa katakon buta guda, ruwan ya gangare abinsa. Ta shimfiɗa tabarma, amma jakar na nan ɗaure a bakin ƙofa.

Sai rana ta yi ta dukan katakon, ya soma yin furu-furu. Wata Asabar Saaka ya dawo daga aiki, yana taka baranda sai suuu, ya tafi da gindi har ƙarshenta! Baranda sai ƙyalli, Mma na durƙushe da gwangwanin man kaɗanya, tana dariya har da hawaye.

"Mma, yana da nasa man na musamman!"

"Rufe min baki. A bar shi haka, maƙwabta su ce ba shi da uwa?"

Daga kwancen ya hango jakar a buɗe, zannuwa a warwatse. Ashe daga ƙasanta ta zaƙulo man.

"To tafiyar fa?"

"In tafi wa zai shafa masa? Kai da ko gwiwar hannunka ba ka iya shafa wa?"

Saaka, jikinsa duk mai har ƙeya, ya ƙi tashi don murna. Mma ta lakato wani, ta kamo gwiwar hannun nasa.