Randa Biyu ta Falmata

Ku matso kusa. Wannan ba tatsuniya ba ce, ko da yake a bakin masu tatsuniya na tsince ta.

Zamanin da fatake ke sauka Haɗeja da jakunan kanwa, akwai wata mata a zangon bayan kasuwa, sunanta Falmata. Ita ke kula da salgar zangon, inda kowa ke zagawa, daga bafatake har mai tallar nono. Ta share, ta zuba toka a ramin, ta rufe bakinsa. Randa biyu gare ta: ta tsarki a ƙofar salga, ta sha a gindin tsamiya da moɗarta a rataye. Wanda ya fito sai ya murza toka a hannu ya ɗauraye.

Fatake kan tsokane ta. "Iya, tokar nan kuma ta mece ce? Miya za mu kaɗa?"

"Wanke," in ji ta. Iyakar hirarta ke nan.

Da can randa ɗaya ce. Shekarar da kogi ya cika har ya shigo zango, kowa ya fito bayan gida tsoma butarsa yake a ciki. Sai amai da gudawa. Kafin ruwa ya janye an fitar da gawar mijinta, da ta 'yarta ta fari, Mairam. Aka bar mata jika tana rarrafe, Bintu. An ce Falmata ba ta yi kuka ba. Kasuwa ta shiga ta sayo randa ta biyu. Tun daga nan ba fushi, ba fara'a.

To, wata damina Zarami, uban Bintu, ya zo daga Kirikasamma da tsarabar busasshen kifi. Kun dai san al'ada: mijin 'yar fari, suruka ba ta kallon idonsa, ba ta kama sunansa, balle ta ce masa bari. Ga shi cikinsa ya ɓaci a hanya. Ya fito salga ya tarar randar tsarki ta ƙafe, sai ya nufi tsamiya, ya nutsa butarsa a randar sha har wuya.

Falmata na tsugune, mayafi a fuska. Bakin nan ya ƙi buɗuwa.

Sai ga Bintu a guje daga wasa. "Kaka, ƙishirwa!" Ta miƙa hannu ga moɗa.

Falmata ta ɗauki taɓarya, ta gitta ta gaban surukinta, ta rotsa randar. Ruwa ya bi ta kan ƙafafunsa.

Zarami ya ajiye kifin ya juya, bai ƙara takowa ba. Mutane suka ce ta zautu. Ita kuwa ta tsince kaskon randar, ta zaɓi babba ta rufe bakin salga da shi, ta ja yarinyar zuwa rijiya.

Bintu ta rayu har haƙoranta suka zube. Ita ta ba kakata labarin, ta ce a hanyar rijiyar nan tsohuwa ta riƙe mata hannu har ya yi zafi.